Gonar Kawu da Maganin da Ido Ba Ya Gani

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Manomi ne a ƙasar Gummi, dattijo kuma a cikin ikkilisiyarmu. Da gero da dawar gonarsa ya biya mini kuɗin makaranta har na sami difloma na zama malami. Saboda haka sa'ad da ciwo ya kama shi a daminar 2024, kowa a gida ya zuba mini ido, gama ni ne ake cewa mai ilimin gidan. Ina so in ba ku labarin abin da ya faru, ya ku masu karatu, domin na san akwai gidaje da yawa da irin wannan rana za ta zo musu.

Abin ya soma a hankali. Kawu ya daina cin tuwo kamar dā. Yana cewa cikinsa na yi masa ciwo daga sama, ciwon kuma yana ratsawa har baya, musamman in ya kwanta. Muka ce gyambon ciki ne, muka sayo magani a kanti. Bayan wata biyu sai idanunsa suka yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, jikinsa yana ƙaiƙayi dare da rana. Nan kuma muka ce shawara ce, aka shiga jiƙa saiwoyi. Inna, matarsa, ita ce ta fara cewa a'a, wannan ba shawarar da ta sani ba ce, gama rigarsa ta sujada ta yi masa yawa kamar ta aro. Da ƙyar muka shawo kansa muka kai shi babban asibitin koyarwa na Sakkwato.

Bayan an ɗauki hoton cikinsa, likita ya kira ni gefe. Ya zana mini hoto a takarda. Ya ce a bayan tumbi akwai wani ɗan nama mai tsawon kamar taƙi guda, likitoci suna kiransa fankiriyas. Aikinsa biyu ne. Yana fitar da ruwan da ke narkar da abinci, yana kuma yin sinadarin insulin mai daidaita sukari a cikin jini. A kan wannan nama ne ciwon daji ya tsiro, ya danne hanyar da ruwan matsarmama ke bi, shi ya sa idanun Kawu suka yi rawaya. Ya ce ciwon ya riga ya kai hanta, ba za a iya yanke shi ba. Na tambaye shi ko sakacinmu ne ya jawo. Ya ce wannan ciwo ɓoyayye ne, ko a ƙasashen Turai cikin mutum biyar da aka gane suna da shi, wajen ɗaya ne kawai ake samu da sauran damar yin tiyata.

Ni ɗan manomi ne, sai na tuna da ƙuduji. Ƙuduji yakan kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta shan ruwanta makonni kafin ya leƙo waje. Ranar da ka ga furensa, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Haka wannan ciwo yake.

Muka dawo gida da magungunan rage zafi. Ban gaya wa Kawu dukan abin da likita ya faɗa ba. Na ce masa ana kan bincike. Wannan ƙarya ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Ana nan sai babban ɗansa, wanda ke aiki a Kaduna, ya aiko mini da saƙo ta waya. Ya ce an sami sabon magani a Amurka, wai sunansa nano, wai ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai masu bin jini su nemi ciwon daji su kashe shi, su bar sauran jiki lafiya. Ya ce ya sami wani mutum mai kawo shi a kwalba, har da ruwan zinariya a ciki, kwalba shida ne cikakken magani. Kuɗinsu ya fi ƙarfin dukanmu in ba an sayar da gonar fadama ba. Ya ce mini, “Malam, kai ne mai karatu. In ka ce a sayar, Baba zai yarda.”

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. In na ce a'a, Kawu ya mutu, za a ce na fi son gona da ran mutumin da ya rene ni. In na ce i, maganin ya zama na banza, Inna da ƙananan yara uku za su rasa miji da uba, su kuma rasa abinci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana. Sai na tafi wurin wata 'yar ikkilisiyarmu wadda na koyar tun tana aji uku, yanzu kuwa masaniyar haɗa magunguna ce. Muka zauna yamma biyu, tana karanto rahotannin likitoci, tana bayyana mini da Hausa. Ga abin da na koya, na kuma rubuta shi a nan yadda kowa zai gane.

Da farko, maganar ƙwayoyin gaskiya ce. Nano ma'auni ne. In ka raba mita ɗaya kashi miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kai guda ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da ake magana kuwa yawancinsu wajen nanomita 100 ne, wato sai a jera ɗaruruwansu kafin su ƙetare gashi ɗaya. Ko madubin da ake duba jini da shi a asibitinmu ba ya nuna su.

Dalilin yin su shi ne, maganin ciwon daji dafi ne. In an zuba shi a jini yakan bi ko'ina, ya taɓa mai ciwo da mai lafiya, kamar mutumin da ya fesa maganin ciyawa a dukan gona domin ya kashe ƙuduji. Shi ya sa gashi ke zubewa, amai ke zuwa, jini ke raguwa. Sai masana suka ce, bari mu ƙunshe dafin a cikin 'yar jaka ta kitse ko ta wani sinadarin jiki, ya daɗe yana zagawa a jini, ya fi taruwa a inda ciwon yake. Maganin farko irin wannan da hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi, mai suna Doxil, ya fito a 1995, amma domin waɗansu irin ciwon daji ne dabam.

Ciwon fankiriyas kuwa ya fi sauran taurin kai. Yakan kewaye kansa da nama mai tauri kamar ganuwar birni, ya matse jijiyoyin jini, har magani ya rasa ƙofar shiga. Duk da haka an sami ɗan ci gaba. A 2013 aka yarda da Abraxane domin wannan ciwo. Ƙwayoyinsa wajen nanomita 130 ne, an ƙunshe maganin da wani sinadari na cikin jinin mutum. An gwada shi a kan marasa lafiya 861 waɗanda ciwonsu ya riga ya bazu. Waɗanda aka ba tsohon magani kaɗai, tsaka-tsakin kwanakinsu wata 6.7 ne. Waɗanda aka haɗa musu da sabon, wata 8.5. A 2015 aka yarda da wani mai suna Onivyde, wanda aka ƙunshe cikin 'yan jakunkunan kitse. A Fabrairu 2024 kuma aka yarda a fara da shi tun farko, a haɗe da waɗansu magunguna uku. A gwajinsa, kwanakin suka tashi daga wata 9.2 zuwa wata 11.1.

Na ce mata ta sake karanta lissafin, ko na ji ba daidai ba. Ta sake. Wata biyu. Ban raina wata biyu ba, gama a cikin wata biyu mutum yana iya ganin auren 'yarsa ko ya shirya da ɗan'uwansa. Amma ƙarin wata biyu dabam, warkewa dabam. Waɗannan magunguna kuma ta jijiya ake ba da su a asibiti, ana auna jini kowane lokaci, ga mutumin da ke da sauran ƙarfi. Ba a shan su da cokali.

Sauran kuwa har yanzu gwaji ne. A 2016 waɗansu masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara binciken shekara goma da aka yi a kan ɓeraye. Suka tarar cewa cikin kashi ɗari na ƙwayoyin da aka zuba a jini, abin da ke isa ga ciwon bai cika kashi ɗaya ba. Hanta da saifa ne ke tsince mafi yawa. A 2023 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin New York, tare da kamfanin BioNTech na Jamus, suka ba da labarin wata allura da ake haɗa wa kowane mara lafiya tasa, a ƙunshe cikin ƙwayoyin kitse, domin ta koya wa sojojin jiki su gane ciwon. Mutum 16 aka yi wa, dukansu bayan an yanke musu ciwon. Jikin mutum 8 ya amsa, su ne kuma ciwon ya fi daɗewa bai komo musu ba. Wannan labari ne mai sa zuciya, amma mutum 16 ba su cika ko benci uku na majami'a ba, shi ya sa aka shiga gwaji mafi girma.

Sai na tambaye ta zancen zinariya. Ta yi murmushi ta ce wannan ma yana da tushe. In an mai da zinariya ƙwayoyi ƙanana ƙwarai a cikin ruwa, ruwan yakan zama ja kamar zoɓo. Wani masani a Ingila mai suna Michael Faraday ya yi bayanin wannan tun 1857. A Jami'ar Rice ta Amurka an ƙera ƙwayoyi masu rufin zinariya waɗanda in sun taru a cikin ciwo, aka haska musu wani irin haske, sai su yi zafi su ƙone shi. A 2019 an ba da rahoton gwada su a kan maza 16 masu wani ciwon daji na mafitsarar maza. A kan fankiriyas kuwa, aikin zinariya yawancinsa yana ɗakin bincike, a kan ɓeraye. Ta kuma tuna mini da 2014, lokacin cutar Ebola, sa'ad da aka yi ta yayata wani ruwan azurfa mai sunan nano a ƙasar nan, daga baya hukuma ta ce bai cika sharuɗɗan gwaji ba, ba a kuwa yi amfani da shi ba. Ta ce, “Malam, kalmar gaskiya ce, amma kowa yana iya rubuta ta a jikin kwalba.”

Da na ji an ambaci zinariya da ƙura, sai zuciyata ta koma 2010. A lokacin ina koyarwa a Anka. Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a gaya mana cewa abin da ido ba ya gani yana iya aiki a jikin mutum. Farashin zinariya ya hau a duniya, sai mutanen ƙauyuka suka shiga haƙo duwatsu suna kawowa gida. Ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san cewa duwatsun cike suke da dalma. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Sa'an nan yara suka soma amai da farfaɗiya, suna mutuwa cikin kwana kaɗan. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake ce wa Na-gari Na-kowa, suna zagayen neman sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburbura ƙanana jere. A 'Yar Galma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka, masu bincike suka ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 sun mutu cikin shekara guda. Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega duk abin ya shafe su. Yaran da suka mutu sun kai wajen 400.

Ƙurar nan ƙatuwa ce in an gwada ta da ƙwayoyin nano, amma darasin da ta bar mana shi ne ya taimake ni. Akwai magani a lokacin, ƙwaya ce da ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari, aka buɗe wuraren ba da ita a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma likitocin suka faɗi gaskiya mai ɗaci. Suka ce in yaro ya sha magani ya koma gida mai guba, aikin banza ne. Dole sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Mutanen Bagega sai da suka jira har 2013 kafin kuɗin wannan aiki ya fito. Iyaye sun ji zafin jiran, amma ba a ruɗe su ba. An gaya musu abin da maganin zai iya da abin da ba zai iya ba, aka kuma ceci dubban yara.

Kada wani ya ɗauka ina cewa dalma ce ta sa wa Kawu ciwo. Abubuwan da likitoci suka tabbatar suna ƙara hatsarinsa su ne shan taba, tsufa, ƙiba mai yawa, ciwon sukari, yawan kumburin fankiriyas wanda giya kan jawo, da gado a waɗansu gidaje. Abin da na ɗauko daga 2010 shi ne, mai magani na gaskiya yakan gaya maka iyakar maganinsa. Mai kwalba shida bai faɗi iyaka ba. Bai ga hoton cikin Kawu ba, bai tambayi nauyinsa ba, bai nemi sakamakon jininsa ba. Lambar asusun banki kaɗai ya aiko.

Ran Asabar da yamma na tafi gida. Na tarar da Kawu a kan tabarma a gindin darbejiya. Na zauna, na rasa ta inda zan fara. Shi ne ya sauƙaƙa mini. Ya ce, “Ɗana, tun daga Sakkwato kake kauce wa idona. Faɗi abin da likita ya faɗa.” Na faɗa masa duka. Na gaya masa sunan ciwon, da inda ya kai, da zancen ƙwayoyin Amurka, da wata biyun, da mai kwalba. Na roƙe shi gafara saboda ɓoyewar da na yi. Ya daɗe shiru. Sa'an nan ya ce, “Waɗannan masu bincike, Allah ya ba su nasara. Wataƙila jikokinka su ci moriyarsu. Wanda ya dasa mangwaro ba lallai shi ne zai sha ba. Amma gonar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Kira mini Innarku.”

A daren nan ya yi magana da ɗansa ta waya. Ɗan ya yi kuka, ya kuma yi fushi da ni, har ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa ba, ƙauna ce ta sa shi. Ni ma akwai dare da yawa da na tambayi kaina ko na yi daidai.

Ƙin sayen kwalba bai zama ƙin magani ba. Muka sayar da tumaki biyu muka koma asibiti. Likita ya duba ƙarfinsa, ya ce jikinsa ba zai ɗauki magani mai tsanani ba, Kawu ya ce ya yarda. Aka ba shi ruwan morfin na rage zafi, aka koya wa Inna yadda za ta ba shi a kan lokaci, ba sai zafi ya tashi ba. Waɗansu suka ce wannan magani na masu shaye-shaye ne. Ba haka ba ne in likita ya auna shi. Daren farko da ya sha, ya yi barci har asuba, abin da ya yi wata uku bai samu ba. Aka ba shi kuma maganin ƙaiƙayi da ƙwayoyin da ke taimakon narkar da abinci, har ya koma shan kunu da ɗan fate.

Matan zumunta suka raba kwanaki, kowace rana mutum biyu suna zuwa su taya Inna wanki da girki. Samarin ikkilisiya suka girbe masa gero. Maƙwabcinmu Musulmi, wanda suka yi shekara talatin suna gardamar iyakar gona, shi ne ya riƙa kawo masa nono kowace safiya, a kan tabarmar nan kuma suka daidaita iyakar a gaban shaidu. Kawu ya kira 'ya'yansa ɗaya ɗaya ya sa musu albarka. Babban ɗan ya zo Kirsimeti, ya kwana huɗu a ɗakin mahaifinsa, kafin ya koma ya riƙe hannuna ba tare da ya ce kome ba. A watan Janairu 2025, da sanyin asuba, Kawu ya huta, Fasto da Inna suna gefensa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake roƙonku. In babban mutum ya soma ramewa ba dalili, ko idanunsa suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ko ciwon ciki yana ratsawa baya, ko ciwon sukari ya same shi farat ɗaya bayan ya manyanta, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi inda za a ɗauki hoton ciki. Sau da yawa abin mai sauƙi ne, amma in wannan ciwo ne, tiyata da wuri ita ce babbar dama. In an kawo muku labarin sabon magani, ku yi tambaya uku: a kan mutane aka gwada shi ko a kan ɓeraye, mutum nawa ne, kwana nawa kuma ya ƙara musu? Ku kai sunansa ga likitan da ke duba mara lafiyarku kafin ku fitar da ko kwabo. Kada kuma ku ɓoye wa dattijo gaskiyar jikinsa kamar yadda na yi. Yana da abubuwan da zai so ya shirya, addu'ar da za a yi tare da shi kuma takan fi daɗi in ba a ɓoye-ɓoye.

Ga waɗanda ke aikin zinariya kuma, tun da gwamnati ta ɗage hanin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamba 2024, kada a manta da 2010. Kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, a wanke jiki a canja tufafi kafin a ɗauki yaro.

A daminar da ta biyo baya Inna da yaran suka shuka gonar fadama. Daga shinkafarta aka biya wa autar Kawu kuɗin makaranta. Tana ajina. Ranar da na koya musu ma'auni, na rubuta nanomita a allo a ƙarƙashin milimita, na gaya musu akwai masu ƙera magani da ya kai wannan ƙanƙanta. Ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wane karatu ake yi a zama ɗaya daga cikinsu?” Na ce mata ta fara da lissafin da ke gabanta, sauran kuma za mu bincika tare.